Bashin Barci

Ƙarfe goma, Bilbis na kashe fitilu,
ni ina lalubar takalmi a ƙarƙashin gado.
Sahiya ta juya wa ƙofa baya,
ba fushi ba ne, wuni ne ya gama da ita.
Na ɗaga labule a hankali,
kamar ɓarawo a gidan kansa.

Buhu tara na jirana a gidan burodi,
gishiri, yis, ruwan randa,
da injin kwaɓi mai tarin tsohon mashayin taba.
In wuta ta ɗauke, mu ne injin,
ni da Agali, cikin ƙullu har gwiwar hannu.

Ƙarfe biyu ne mugun lokaci.
Ido ya cika da tsakuwa,
magana ta mutu a tsakiyar baki.
Agali ya ɗora shayi a gefen tanda,
mu sha na fari a tsaye, mu sha na biyu.
Na uku, mai zaƙin,
na masu lokaci ne.

An ce barci ɓarawo ne. Ban yarda ba.
Ni ke masa sata, shi bashi yake bi.
Dubi tabon nan a damtsena:
gyangyaɗi ɗaya na ranta a bakin tanda,
ƙarfe mai zafi ya rubuta shaida.

Kafin kiran assalatu masu babur sun yi layi,
masu shayin tasha, yaran Garkawa da kwalaye.
Tawa za ta karya kumallo da darena,
ba ta san sunana ba.

A ƙofar gida nake gamuwa da Barira,
jakar lakwal a baya, man kaɗe a goshi.
"Baba, ina kwana?"
"Lafiya lau."
Ƙaryar da nake yi ke nan kowace safiya.

Barcin rana kuwa, faci ne a kan faci.
Kwanon rufi na gasa ni yadda na gasa burodi,
injin niƙan maƙwabta ya tashi,
ƙwallon yara na dukan katanga.
Sahiya kan ɗauki turminta zuwa gidan Inna Tamo
don kada taɓarya ta sauka a kaina.
Ban taɓa gode mata ba. Ina barci.

An raɗa sunan ɗan Alkasum, ina barci.
An kai Malam Bizo makwanci, sai da la'asar na ji.
A fada sun daina wanke kofina.

Sai ran nan Barira ta kawo takarda:
an ce kowa ya zana gidansu.
Ga uwarta tsaye da tulu,
ga akuya tsaye, ga ita da kitso biyu.
Can ƙasa, wani dogon layi a kan tabarma,
idanunsa ɗigo biyu a rufe.
"Kai ne," ta ce, tana murna.
Ta ma zana mini mafici.

Na sami mai gida da wannan takarda a aljihu.
Ban nuna masa ba.
Na ce daren Alhamis nake so.
Ya ce jaka biyu za ta fita daga kuɗina.
Na ce ta fita.

Alhamis ta zo. Na ci tuwo da zafinsa,
na ji karatun Barira har ƙarshen shafi,
na leƙa fada, aka yi ta neman kofi.
Ƙarfe goma na kwanta kamar sauran mutane.

Barci bai zo ba.
Mai bin bashi ya san inda ya saba samuna,
yana can bakin tanda yana jira.
Ni ko na kwana ido biyu
ina sauraron abin da shekara shida ban ji ba:
ashe Sahiya na magana cikin barci,
ashe Barira na munshari,
ɗan ƙarami, kamar mage.